Na dawo daga rakiyarsa, shin na ci amana ne?

Wani matashi daga Zariya ya aiko mini da tambaya, na ga gara in amsa ta a fili, don na san ba shi kaɗai ke kwana da ita ba. Ga abin da ya ce a taƙaice. Tun yana aji biyar a sakandare yake bin wani ɗan siyasa. Ya liƙa fastarsa a ƙofar ɗaki, ya ɓata da yayansa a kansa, ya kwana a bakin rumfar zaɓe yana gadin ƙuri'a. Mutumin ya samu mulki, shekaru suka shuɗe, yau ko muryarsa ya ji a rediyo sai ya murɗa tasha. Abokansa na majalisa suna kiransa butulu. Abin da ya fi ci masa rai kuma shi ne yanzu bai yarda da kowa ba, ko wa'azi ya ji sai zuciyarsa ta ce masa, "Shi ma dama ce bai samu ba." Yana tambaya: mene ne sunan wannan abu, cin amana ne, kuma ana warkewa?

Ɗana, sunansa yana bakin kowa. Ka dawo daga rakiya.

Na shafe shekaru ina koyar da tarihi, kuma ban ga maganar da ta kama wannan hali daidai kamar wannan ba. Ka duba yadda muke rakiya. Bahaushe ba ya sallamar baƙo daga kan tabarma. Zai tashi ya zura takalmi, ya taka masa zuwa ƙofar gida. In baƙon mai daraja ne, har bakin titi ko tasha, a da kuwa har ƙofar gari. Ana tafe ana ƙarasa hira, wani lokaci ma maganar da ta kawo baƙon sai a hanya take fitowa. Amma duk nisan rakiya akwai inda mai gida zai ja ya tsaya, ya miƙa hannu ya ce, "To, a gaida gida, Allah ya kiyaye hanya." Tafiyar tun farko ta baƙo ce. Kai girmamawa ce ta fito da kai, kuma kana da gidan da za ka koma. Ba a taɓa zagin mutum don ya juyo daga rakiya ba. Ka tuna ma taken da ya sa ka kwana a rumfar zaɓe: a kasa, a tsare, a raka. Kun kasa, kun tsare, kun raka har inda ake kaiwa.

Kada ka haɗa ta da 'yan'uwanta, domin kowace da nauyinta. In abu ya sire maka, kamar abinci ko riga, ba sai da dalili ba, rai ne kawai ya gundura. In gwiwarka ta yi sanyi, har yanzu kana son abin, ƙarfin bi ne ya ragu. Dawowa daga rakiya kuwa sai an ga wani abu. Shi ya sa kalmar "ashe" ba ta rabuwa da ita: ashe haka yake, ashe kallon kitse nake yi wa rogo. Wani lokaci mutumin ne ya shafa wa kansa mai don a ɗauke shi kitse, ya yi alkawarin da ya san ba zai cika ba. Wani lokaci kuma yunwarmu ce ta nuna mana haka, shi bai taɓa cewa shi kitse ne ba. Galibi duka biyun ne suke haɗuwa, kuma rarrabe su aiki ne da ke jiranka, zan dawo kansa.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita a nan asalinta daga warware sihiri take, kamar yadda mu ma mukan ce "asiri ya karye" in mutum ya farka daga makauniyar soyayya. Wani masani Bajamushe, Max Weber, ya faɗaɗa ta a wata lacca da ya yi wa ɗalibai a birnin Munik a 1917. Shi yana nufin zamani ne gaba ɗaya: mutanen Turai sun kai inda suka ɗauka babu wani ɓoyayyen ƙarfi a bayan abubuwa, komai in an so ana iya gane shi da lissafi. Wannan wani fage ne daban da naka. Abu guda na ɗauka daga ciki, wato in asirin ya karye ba a ɗaura shi da niyya. Ba za ka iya tilasta wa idonka ya daina ganin abin da ya riga ya gani ba.

Batun cin amana kuwa, tambayi abokanka: wa ya ba wa wani amana? Kai ka ba shi ƙuri'arka, da ƙuruciyarka, da kwanan da ka yi a waje. Amanar tana hannunsa. In ka ce bai riƙe ta yadda ya kamata ba, ƙila ka yi daidai, ƙila ka yi kuskure a lissafi, amma wannan hukunci ne na mai haƙƙi.

Bari in ba ka labarin mutumin da ya fi ni da kai shiga wannan hali, kuma babu mai iya kiransa butulu.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ƙanen Shehu Usmanu ne, ɗalibinsa ne, wazirinsa ne. Tun yana yaro yake biye da shi wajen yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Da aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, shi ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya ja rundunar da ta yi nasara a kan Gobirawa a Tafkin Kwatto a wannan shekarar, ya kuma yi wa nasarar waƙa cikin murna. In ana maganar wanda ya ba da rayuwarsa ga wata tafiya, to ga shi nan.

Sai abubuwa suka fara sauyawa. A ƙarshen 1804 aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda Jama'a, wato mabiya Shehu, ta rasa mutum wajen 2,000, kimanin 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Waɗannan su ne mutanen da suka zauna gaban Shehu shekara da shekaru, suka san dalilin da ya sa aka fito. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa, bayan mayaƙa sun washe wani gari da ke da amana da Jama'a, shugabanni suna hanawa ba a saurara ba. Gurbin waɗanda suka yi shahada sai wasu suka cike shi, waɗanda ganima ta jawo.

A shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, rundunar tana kan hanyar Alkalawa, babban birnin Gobir, Malam Abdullahi ya ga ba zai iya ba. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Ya bar rundunar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, shi da abokai biyar. Suka yi kwana uku a dokar daji ba su ga mutum ba, sai sawun giwaye. A waƙar da ya yi a kan wannan tafiya ya ce abokansa na gaskiya sun wuce, an bar shi cikin masu faɗar abin da ba sa aikatawa, waɗanda burinsu mulkin garuruwa da neman matsayi, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado, da dawakin da ke sukuwa a cikin gari maimakon fagen fama. Duk lokacin da na karanta wa ɗalibai wannan wuri ajin yakan yi tsit. Sukan yi zaton irin wannan kuka sai a zamaninmu aka fara shi.

Ya iso Kano. Mutanen Kano suka tare shi, suka hana shi wucewa, suka ce ya zauna ya koya musu. Ya duba sai ya ce musu abin da yake gani a wurinsu shi ne ainihin abin da ya gudo ya bari. Ka riƙe wannan, ɗana. Mutum ya ƙetare daji da giwaye don ya tsere wa wani hali, ya tarar halin ya riga shi isowa.

A nan ne labarin ya ɗauki hanyar da nake so ka gani. Bai ce tunda ko'ina ɗaya ne shi ke nan ba. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayanin yadda shugaba zai yi mulki da shari'a, abin da ya halatta gare shi da abin da bai halatta ba. Ya karantar da su tafsiri. Ya ce sun tuba, har sun farfasa kayan kiɗa, itacen gangunan ya zama komin dawaki. Daga nan ya juya ya koma wurin yayansa. Alkalawa ta faɗi a 1808, daga baya aka ba shi riƙon yammacin daula, inda Gwandu ta zama cibiya.

Wanda ya koma ɗin ba irin wanda ya tafi ba ne. Ya ci gaba da saɓa wa Shehu da Muhammadu Bello a rubuce a kan kiɗa, da tufafin ado, da laƙaban sarauta, shi yana tsanantawa su suna sassautawa saboda halin da jama'a ke ciki. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya zo Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, ya koma Gwandu da ɗacin rai. Sai bayan 'yan shekaru, da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, suka daidaita. Ruwayar da ta shahara ta ce Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki don girmama baffansa, baffan ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, da ya zo tattara waƙoƙinsa, bai cire na murnar Tafkin Kwatto ba. Ya bar su a littafi ɗaya da waƙar baƙin ciki. Bai ji kunyar ya taɓa yarda ba. Mutanen da ya fito tare da su ne suka ba shi kunya, manufar da ta fito da shi kuwa da ita ya riƙa auna su har ya bar duniya.

Akwai wanda ya bi wata hanyar a wannan zamani. Malam Abdussalami, almajirin Shehu ne shi ma, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abin da ya kunna wutar jihadin. Bayan nasara ya ga rabon da aka yi masa bai kai wahalarsa ba, ya kuma yi kukan zalunci ya shigo Jama'a. Bayan rasuwar Shehu ya yi tawaye daga Kware, suka yi musayar wasiƙu da Bello, aka ƙare da yaƙi, ya samu rauni ya rasu a 1818. Wani ɓangare na kukansa ya yi kama da na Malam Abdullahi. Inda suka rabu shi ne abin da kowa ya yi da ɗacin da ke ransa.

In zo kusa da zamaninmu, inda na gani da idona. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, talakawa suka sha ɗauri da bulala a kanta. Magajiyarta PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, kuma suna hawa suka soke haraji da jangali, abin da aka yi kusan shekara 30 ana fafutuka a kai. Ba a yi nisa ba jam'iyyar ta dare biyu a kan halartar taron da gwamnonin biyu ke yi da takwarorinsu na jam'iyyun UPN da GNPP, wanda uwar jam'iyya ta hana. Waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano aka kira su 'yan Taɓo, masu bin gwamnoni 'yan Santsi. Kowane ɓangare yana rantsuwa ɗayan ne ya saki hanya. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli aka yi tarzoma a Kano, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa.

Mahaifina tela ne, yana da tabon bulala a gadon baya tun zamanin NEPU. Yana da amini mai wankin hula, ƙofar gidansu na kallon tamu. Tun da na yi wayo, bayan sallar isha'i kowa yakan fito da kwanon tuwonsa a yi ciyayya a zaurenmu, ni ne mai kawo buta da ruwan sha. Da rikicin ya yi zafi, ɗaya ya zama Taɓo, ɗaya Santsi. Wani dare na shimfiɗa tabarma, na ajiye buta, kwano ɗaya kawai ya fito. Mahaifina ya zauna ya buɗe kwanon, ya duba ƙofar, ya mayar da murfin ya ce in kai cikin gida. Kusan shekara biyu ana haka, sai dai gaisuwa daga nesa a masallaci.

Ranar 17 ga Afrilu, 1983 Malam Aminu ya rasu. Gari ya ɗunguma Gwammaja. A cikin wannan turmutsitsi suka yi kiciɓis, suka dawo gida tare a ƙasa, ba wanda ya ce wa wani uffan a hanya. Da daddare na ji sallamar mai wankin hula, da kwanonsa a hannu. Bayan wannan ban ƙara ganin ɗayansu a taron jam'iyya ba. Amma har ƙarfinsa ya ƙare, in aka kama ɗan maƙwabci ko aka kira wata bazawara kotu a kan gado, mahaifina zai rufe keken ɗinki ya sa hula ya bi su, don kada a ga ba su da kowa a taka su. Abin da ya koya a NEPU ke nan, kuma bai taɓa dawowa daga wannan rakiyar ba.

Yanzu ga ɓangaren tambayarka da ya fi tayar mini da hankali, wato cewa ba ka yarda da kowa ba. Nan ne dawowa daga rakiya take neman rikiɗewa ta zama yanke ƙauna, kuma wannan ciwo ne na gaske. Ka buɗe Suratu Yusuf. 'Ya'yan Annabi Yaƙub sun zo masa da riga da jinin ƙarya. Bayan shekaru suka dawo suna neman ya ba su ƙanen Yusuf, sai ya ce musu, a aya ta 64, shin zai amince musu a kansa kamar yadda ya amince musu a kan ɗan'uwansa a da? Bai manta ba, bai kuma yi kamar bai gani ba. Ya ba su yaron, amma sai da ya karɓi alkawari mai nauyi da sunan Allah. Kuma waɗannan 'ya'yan da ya daina sakin jiki da su, su ya tura neman Yusuf a aya ta 87, yana ce musu kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Yardar farko ta tafi, wata iri ta maye gurbinta, mai sharaɗi da buɗaɗɗen ido.

Maganar "duk ɗaya ne, kowa ɓarawo ne" tana da daɗin faɗa, tana sa mutum ya ji kamar ya waye. Amma ka lura da wanda take yi wa aiki. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista aka ce sun fito. A 2015 wajen kashi 44, a 2019 wajen 35, a 2023 bai kai 30 ba. Dalilan suna da yawa, har da gyaran da aka yi wa hanyar tantance masu zaɓe, amma duk mai zama a majalisa ya san mutane nawa suka jefa katinsu a akwati suka ce sun gama. Wanda ya tabbatar wa kansa duk ɗaya ne, ranar zaɓe ko dai ya yi kwanciyarsa, ko ya karɓi taliya da sabulu ya ce ai gara ya ci nasa. Mugun shugaba ba ya buƙatar ka so shi. In ka yarda babu na kirki, ya gama da kai.

Akwai wani ramin kuma a ɗaya gefen, na ga ɗalibaina da yawa sun faɗa. Mutum ya sauke hoton wannan gwani da safe, kafin la'asar ya rataya na wani a kan ƙusar, da irin idon da ya kalli na farko. Bayan shekara huɗu sai a sake zaman makoki.

Ka tambaya ko ana warkewa. Zafin yana tafiya, wannan na tabbatar maka. Irin son da ka yi kana ɗan shekara 16 kuwa ba zai dawo ba, kada ka ɓata lokaci kana jiransa. Ga aikin da na ce yana jiranka. Ka sami takarda ka rubuta abin da kake fata a daren da ka kwana a rumfar zaɓe. Ƙila wutar lantarki ce, ƙila aiki ne ga yayanka, ƙila a daina sace mutane a hanyar Birnin Gwari, ƙila dai ka ga an hukunta babban ɓarawo sau ɗaya a rayuwarka. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanne ya yi alkawari da bakinsa? Wanne yake cikin ikon kujerarsa, wanne na gwamna ne ko na shugaban ƙaramar hukuma? Wanne kai ka ɗora masa don kana buƙatar wani ya ɗauka? Abin da ya yi alkawari ya saɓa, ka riƙe shi da shi, ka faɗa a fili ba tare da zagi ba. In akwai abin da ya cika, ka faɗa shi ma, ko da ranka ba ya so. Sannan ka sake duba takardar, za ka ga babu ko ɗaya a ciki da ka daina so. Har gobe kana son wuta, kana son hanya ta yi lafiya.

Kada kuma ka ce wa kowa, "Dama ni ban taɓa sonsa ba." Ka so shi, kuma yaron da ya kwana a waje yana gadin ƙuri'a bai yi abin kunya ba. Yayanka da kuka ɓata a kansa, ka je ka same shi tun kafin wata rasuwa ta haɗa ku.

Abokan majalisa kuwa, wasunsu sun ga abin da ka gani, faɗarsa ce ta yi musu nauyi, shi ya sa taka maganar take musu zafi. Wasu kuma da gaske suna ganin mutumin ya yi ƙoƙari, kuma suna da 'yancin ganin haka. Ka koma ka zauna da su yau bayan isha'i, ka kai naka kuɗin shayin. In an ce maka butulu, ka ce ka ji, ka tambayi lafiyar mahaifiyar wanda ya faɗa.